Jinin da Na Leƙa Ranar Alhamis

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe biyu da rabi na rana

Yau na fara darasin ƙwayar halitta da 'yan aji huɗu, karo na goma sha ɗaya ke nan tun da na kama koyarwa a Gwandu. Na zo da albasa daga gida, na ɓare siririyar fatar cikinta, na ɗiga mata ruwan aidin don ya rina ta, na sa a madubin nan namu mai ƙara wa abu girma, guda ɗaya tilo da ya rage a makarantar. Yara hamsin da uku, layi har bakin ƙofa. Duk wanda ya leƙa sai ya ce bulo aka jera. Na ce to, ga bango, ga tantani a jikinsa ta ciki, ba abin da ke shiga ko fita sai da yardarsa. Ga ruwan ciki. Ɗigon nan mai duhu kuma ita ce cibiya, a nan aka ajiye duk abin da aka gada wurin uwa da uba. Wata Hauwa'u mai bakin tsiya ta ce har da rowa? Na ce har da surutu.

Da na dawo gida na tarar da Ruƙayyatu, matar ƙanena Lukuman, tana jijjiga 'yarta a tsakar gida. Watan yarinyar takwas. Sunana aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Malama Ƙarama. Bayan hannuwanta biyu sun kumbura, yatsun sun yi suntum, ko taɓawa ba ta bari a yi. Inna ta ce haƙori ne. Na ce wataƙila haƙorin ne. Na kasa cin abinci.

Talata, 24 ga Satumba, bayan sallar asuba

Ƙafafun ma sun kumbura. Haƙori ba ya kumbura ƙafa.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan azahar

An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inna ta karɓe ta, ta juya hannun, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ciwo na san shi. Haka Aminu yay yi." Aminu ƙanena ne da ke tsakanina da Lukuman. Yana da shekara shida ya rasu, ina da tara. Duk damina sai ya kwanta yana ihun ƙasusuwansa, aka yi ta cewa sanyi ne.

Na daka wa Inna tsawa. Ni, a gaban surukarta. Na ce ta daina jawo wa jaririya mugun baki. Ta miƙa yarinyar, ni kuma na shige ɗaki. Ba fushi nake ba, tsoro ne, amma wa zan gaya wa?

Na ce wa Lukuman gobe a kai yarinyar asibitin Kalgo. Gobe Alhamis. Da ma wata ranar ce ba ita ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Mota biyu muka shiga kafin mu isa Kalgo, ni da Ruƙayyatu da yarinyar. Lukuman ya tsaya garejinsa na gyaran babura. Likita ya duba hannun sau ɗaya, ya ba da maganin rage zafi, ya ce a yawaita ba ta nono, ya rubuta gwajin jini. Na kai su ɗakin gwaji mai zaman kansa inda Grace ke aiki. Grace 'yar Zuru ce, tare muka yi kwaleji, ita ta bi hanyar asibiti ni na bi alli. Ta tsufa da tsokana, tana ganina ta ce Ummu har yanzu kina tsorata 'ya'yan mutane da albasa?

Ta ɗebi jinin a diddige. Tana rubutu ta tambayi Ruƙayyatu ko an yi musu gwaji kafin aure. Ruƙayyatu ta washe baki duk da gajiyar da ke idonta, ta ce an yi, lafiya lau suke su biyun, Yaya Malama ce ma da kanta ta duba su a makaranta, har ta bari ta leƙa ta ga jininta.

Biron Grace ya tsaya. Ba ta ɗago ba sai da Ruƙayyatu ta fita wanke zanin goyo.

"Ummu, da me kika gwada su?"

Na ce zan kira ta. Ta ce sakamako sai Litinin, tana son ta maimaita don ta tabbata.

Juma'a, 27 ga Satumba, ƙarfe goma na safe, ɗakin malamai

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko zan samu in yi numfashi.

Shekara biyu da suka wuce. Limamin unguwarmu ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar gwajin jini, saboda ya gaji da jana'izar yara. Ɗaurin auren Lukuman Asabar. Shi kuma sarkin sakaci bai je gwaji ba sai Alhamis, aka ce masa na'ura ta lalace sai wani mako. An sayi goro, dangin amarya na Kambaza sun gayyaci duniya, Inna ta jiƙa shinkafar masa. Sai ga shi a makaranta da amarya da ƙawarta, ya ce Yaya ba kina da madubi ba?

Na soke musu yatsa, na shafa a gilashi, na leƙa. Jajayen ƙwayoyin jini, zagaye, sumul, ba ko ɗaya mai lanƙwasar lauje. Na bari suka leƙa. Ruƙayyatu ta yi ta dariya ta ce kamar an zuba masa a faranti. Na yagi takarda na rubuta AA da AA, na sa hannu. Liman ya karɓa bai ko juya ta ba, ya ce maganar Malama ta fi hatimi, 'ya'yansa uku ni na koyar.

Ga abin da ban taɓa furtawa ba. Mai ɗauke da rabin ciwon sikila, wato AS, jininsa zagaye yake fitowa a madubi, tsaf kamar na mai lafiya. Sai an sa masa wani magani da ke janye iska, ko a bi ta na'ura, sannan ya nuna. Na karanta wannan a kwaleji, na ci jarrabawa a kansa. Na kuma san ni kaina AS ce, na san Aminu. Ranar dai ido ya ga zagaye, zuciya ta so ta yarda, ga ƙanena yana kallona kamar ni ce asibitin duka. Na ji daɗin kallon nan. Ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Nawa ba ƙaramin sani ba ne, na sani na kau da kai.

Asabar, 28 ga Satumba, da hantsi

Kumburin ya ɗan saɓe. Yarinyar ta kama yatsana ta yi murmushi. Na yi nafila raka'a goma sha biyu.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Grace ta kira ina tsakiyar aji. Sikila ce. SS.

Ta ce a kawo yarinyar a fara ba ta magungunan kariya, kuma lallai uwa da uba su zo a gwada su yadda ya kamata. Ta ce, Ummu, ki gaya musu da bakinki, ya fi sauƙi. Na ce to.

Na gaya musu rabin farko. Ruƙayyatu ta rungume 'yarta ta yi kuka mara sauti. Da na ce Grace na son su je gwaji, Lukuman ya ce, "Yaya ta riga ta duba mu, mi za ni nema Kalgo?" Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na ce ai ba laifi a sake. Ya ce ba shi da lokacin yawo.

Talata, 1 ga Oktoba, da yamma

Hutu. Na wuni ina wanki, har da kayan da ba su yi datti ba. Gobe zan faɗa.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban faɗa ba, kuma yanzu abin ya fi ƙarfin gobe.

Hassan ɗan Kawu ya zo dubiya. Yana da shagon magani a bakin kasuwa, tun da ya sayi farar riga yake jin kansa likita. Ya ji labari, ya gyara zama, ya ɗauki tsinke ya zana gida huɗu a ƙasa kamar masu dara. Ya sa A da A a sama, A da A a gefe, ya cike gidajen. Ya ce a duba, ta ina S za ta shigo? Dole ɗaya ta fito daga uwa, ɗaya daga uba. Ya ce in takardar Malama gaskiya ce, to jinin Lukuman ba shi cikin wannan lissafi.

Jakin bai ma lura ba cewa da wannan zanen nasa ita ma uwar ba uwa ba ce. Ba wanda ya lura. Kowa ya ji rabin da ya shafi uba, don uwa kowa ya ga haihuwarta. Inna ta ajiye carbi. Ruƙayyatu tana bakin murhu, ba ta gane ba tukuna, tana ta fifita wuta.

Hassan ya juyo ya ce, "Malama, ko ba hakanan na ba?"

Na ce, a littafi haka yake.

Abin da na ce ke nan. Kalma huɗu. Na sake ƙirga su.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Lukuman bai kwana gida ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Inna ta daina cin girkin Ruƙayyatu. Ta dai tura kwanon gefe ta dama fura. Matan maƙwabta sun fara shigowa aron abin da suke da shi a gidajensu, kowace sai ta leƙa fuskar yarinyar, ta ce oh, wa ta ɗauko ne? Har an tuno wani ɗan uwan Ruƙayyatu da ya taɓa kawo mata gero daga Kambaza sau biyu. Kalmar da ake faɗa a bayan katanga ba zan rubuta ta a littafina ba.

Ina tsoro. Ina tsoron Liman da takardar da ke cikin akwatinsa da sa hannuna. Ina tsoron shugaban makaranta ya ji na soki mutane da allura a ɗakin kimiyya na ba da shaidar asibiti. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan nan, allin nan ne ke riƙe da ni da Inna. Amma ba shi ne babban ba. Babban shi ne yadda Lukuman zai kalle ni.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ruƙayyatu ta shigo ɗakina ta durƙusa. Ta rame cikin kwana uku, ɗankwalin ma a karkace.

"Yaya, don Allah ki sake duba ni da madubinki. Ki duba ɗiyar, ki duba shi. Ke ɗai anka yarda da maganakki gidanga."

Na ce madubin ya samu matsala. Ta ce to, Allah ya sa a gyara. Ta yi mini godiya kafin ta fita.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ƙwayar halittar dabba yau. Na sa suka kankaro cikin kumatunsu da tsinken sakace, muka duba. Na nuna musu ba ta da bango irin na albasa, tantani ne kawai, shi ya sa ba ta da tsayayyen fasali. Na zana 'yan murhunan da ke ƙona abinci su ba jiki ƙarfi. Na ce jar ƙwayar jini ita ko cibiya ba ta da ita, ta zubar don ta samu wurin ɗaukar iska, kuma taushinta ne ke sa ta ratsa siraran hanyoyin jini. In ta taurare ta lanƙwashe sai ta toshe hanya, nan ciwo ke tashi.

Hauwa'u ta ɗaga hannu. Ta ce yayarta za ta yi aure, ko za ta iya kawo ta in duba ta a madubinmu?

Na ce a'a da ƙarfin da ya sa ajin ya yi tsit. Na ce wannan madubi ba ya nuna mai ɗauke da rabi, duk wanda ya ce muku ya duba da shi ya ga lafiya, ƙarya yake, ku je asibiti. Na sa suka rubuta, na bi layi ina duba littattafansu. Yara hamsin da uku sun ji gaskiya daga bakina yau. Gidanmu mutum huɗu ne ban da ni, har yau ba su ji ba.

Talata, 8 ga Oktoba, da yamma

Mahaifin Ruƙayyatu ya zo da babur ya tafi da ita da yarinyar Kambaza. Bai shigo ba, bai sha ruwa ba. Na bi su da ledar magunguna har bakin titi, na ce kada a bari ta ji sanyi, kada a bari ta yi ƙishi. Dattijon ya ce Allah ya yi mini albarka, ni kaɗai ce mai imani a gidan.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Grace ta kira sau huɗu, na ɗauka a na biyar. Labari ya kai mata ta wurin wata mai jinya 'yar Kambaza. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini. Ta ce aikinta bai ba ta damar bin mutane gida da sirrin jininsu ba, kuma ba ta da jinin Lukuman a hannu. Ta ce, "Amma yarinyar nan ba ta yi miki komai ba, Ummu. Ɗigo ɗaya na jinin ƙaninki ya isa ya wanke ta, kuma ke kika hana shi zuwa."

Na ce ban hana shi ba. Ta ce to, ta kashe.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Na ga Lukuman a gareji, ya kwance injin babur ya zauna yana kallonsa. Na wuce ta ɗaya gefen titi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Liman ya aiko. Mutanen Kambaza sun ce ba za su bar maganar haka ba, 'yarsu za ta dafa Alƙur'ani a gaban kowa. An sa Lahadi da hantsi a gidansa. Ya ce in zo in tabbatar da takardata, don a kanta maganar ta tsaya.

Wato ita za ta rantse, ni in ce takarda gaskiya ce, sai a ce ta yi rantsuwar ƙarya. Daga nan duk ciwon da ya tashi wa yarinyar za a ce Alƙur'ani ne ke cin su. Kuma ciwon zai tashi, ni na fi kowa sani.

Asabar, 12 ga Oktoba, da azahar

Na goge mayafina.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Maza a zaure, mu mata a bakin ƙofar ciki. Ruƙayyatu ta yi alwala, ta zauna da goyonta, ba ta kalli kowa ba. Liman ya buɗe akwati ya fiddo takardar. Ashe a bayan takardar jarrabawar yara na rubuta ta, ina hango jan biro ta baya. Ya ce Malama, wannan hannunki ne? Na ce nawa ne. Ya ce kina kan abin da kika rubuta?

A zaune na yi magana. Na ce a ajiye Alƙur'ani, ba ita ce mai rantsuwa ba. Na ce takardar banza ce, madubin makaranta ba ya ganin abin da na ce ya gani, kuma na san haka tun ranar da na rubuta. Na ce ni AS ce, Aminu da wannan ciwon ya tafi, jinin daga gidanmu yake kamar yadda yake daga nasu. Na ce yarinyar 'yar Lukuman ce, a kai shi Kalgo gobe a gani.

Ba wanda ya yi salati. Hassan ya fara cewa ai da ma shi lissafi kawai ya yi, Kawu ya ce ya rufe masa baki. Liman ya ninke takardar a hankali, ya ce shi ma da laifinsa, amma dole ya sanar da makaranta, don kada wani ya sake zuwa da irinta. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Lukuman ya tashi ya tsallaka zaure ya zo har inda matarsa take, ya durƙusa mata a gaban maza. Ni bai kalle ni ba. Na yi mako biyu ina tsoron kallonsa, ashe rashin kallon ne ke jirana.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Kalgo. AS da AS. Grace ta miƙa musu takardun da hatimi, ta yi musu bayani, ni ta ce mini sannu kawai.

Lukuman ya tafi karɓo maganin yarinyar. Aka bar ni da Ruƙayyatu a benci a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, Malama Ƙarama tana barci a cinyarta. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ranar da nid durƙusa ɗakinki, kin sani?"

Na ce na sani.

Ta gyaɗa kai. Ta gyara wa yarinyar hula, ta daɗe tana kallon masu babur suna wucewa. Sannan ta ce ba ta gane bayanin Grace sosai ba, in faɗa mata da Hausar da nake yi wa yara, amma wannan karon gaskiya. Na ce duk cikin da za ta ɗauka da Lukuman, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da ciwon. Ta ce tunda an samu ɗaya, ukun da ke tafe sun tsira ke nan? Na ce a'a, kowane ciki da nasa rabon, daga farko ake sakewa.

Ta ɗora tafin hannunta a ƙasan cibiyarta.

"Wata biyu ke nan ban ga wankina ba, Yaya. Ko shi ban gaya ma ba. Wanga kuma wa za ya leƙa muna shi?"